Daga gona zuwa coci: Yadda Kiristocin Rano da Kibiya ke fitar da zakkar amfanin gona

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Rano, aka kammala girbin dawa da masara, aka tsinke gyaɗa aka sussuke shinkafa, manomi kan zauna ya yi lissafin buhunan da ya samu: na ci, na iri, na biyan bashin taki, da kuma na Allah.

Manomi Musulmi ya san wannan kaso na ƙarshe da sunan zakka. Abin da masu karatu da yawa ba su sani ba shi ne, maƙwabcinsa Kirista ma da wannan kalmar yake kiran nasa kason, kuma shi ma kashi ɗaya cikin goma aka koya masa ya fitar.

A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, kamar yadda yake a Sumaila da Tudun Wada da Rogo, akwai ƙauyukan Hausawa Kiristoci, waɗanda galibinsu jikokin Maguzawa ne. Da Hausa suke sujada, da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, kuma noma ne babbar sana'arsu.

Saboda haka coci a irin waɗannan ƙauyuka da amfanin gona take rayuwa. Abin da ya shiga rumbunta a watan Nuwamba da Disamba shi zai ciyar da fasto da iyalinsa, shi zai gyara rufin kwano, shi kuma za a duba idan gwauruwa ta rasa abin ɗorawa a kan murhu a tsakiyar damina. Wannan ne ya sa maganar bayarwa a nan ba ta ƙarewa a kan nawa aka kawo. Tana kaiwa ga wanda ya karɓa, da yadda ya adana, da inda ya kai.

Zakka, baiko da godiya

Kalmomi uku ne aka fi ji a bakin Hausawa Kiristoci idan ana maganar bayarwa.

Ta farko ita ce zakka, wadda wasu ke kira ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Masu wa'azi kan kafa hujja da Farawa sura 14, inda Ibrahim ya ba Malkisadik kashi ɗaya cikin goma na ganima, da Littafin Firistoci sura 27 da ke magana kan amfanin ƙasa da dabbobi, da kuma Malakai sura 3, inda aka tsawata wa mutanen da suka riƙe abin da ya kamata su kai ɗakin ajiya.

Ta biyu ita ce baiko. A wurin mafi yawan Kanawa, baiko na nufin sa ranar aure ko tsayar da magana tsakanin saurayi da budurwa. A coci kuwa, baiko shi ne abin da mutum ya ga dama ya saka a kwano ko jaka lokacin sujadar Lahadi, ba tare da an ƙayyade masa adadi ba.

Ta uku ita ce godiya, musamman godiyar kaka da ake yi sau ɗaya a shekara bayan an shigar da amfani gida. Ranar ce iyalai ke fitowa da waƙa da rawa, wani da dami, wani da buhu, wata da kwanon gyaɗa ko kaza ko akuya, a tara a gaban jama'a a yi addu'a a kai.

Ɗarikun Kirista ba su haɗu a kan hukuncin zakka ba. Cocin Katolika ta wajabta wa mabiyanta su tallafa wa coci gwargwadon ƙarfinsu, amma ba ta yanke musu kashi goma a matsayin doka ba. Coci-coci irin su ECWA da Anglika da Baftis sun fi jaddada kashi ɗaya cikin goma, ko da yake a cikinsu ma akwai malaman da ke cewa Sabon Alkawari ya fi ba da ƙarfi ga bayarwa da yardar rai, kamar yadda Manzo Bulus ya koyar a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura 8 da 9.

Inda suka yi kama da na Musulmi, da inda suka bambanta

A fiƙihun Musulunci, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da kashi ɗaya cikin goma. Wanda aka sha wahalar ban ruwa kafin a same shi kuma, rabin haka ne, wato kashi ɗaya cikin ashirin. Sannan akwai nisabi: sai hatsi ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300, kafin zakka ta hau kan mutum. Waɗanda za a bai wa ma an ƙididdige su, kashi takwas ne. A Jihar Kano har hukuma gwamnati ta kafa a 2003 domin kula da zakka da hubusi.

Zakkar Kirista ba ta da nisabi. Wanda ya samu buhu 20 zai fitar da biyu, wadda ta samu mudu goma za ta fitar da ɗaya. Ba ta kuma bambanta noman damina da na rani, abin da ke da muhimmanci a yankin da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta buɗe wa ƙofar noman rani. Sannan ba hukumar gwamnati ke karɓa ba, kuma ba kai-tsaye ake miƙa wa mabuƙaci ba. Coci ake kai wa, dattawanta su tsara yadda za a kashe.

Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ya ɗora nauyi mai girma a wuyan shugabannin coci. Musulmi na iya auna zakkarsa ya kai gidan maƙwabcinsa da hannunsa, ya ga inda ta shiga. Kirista kuwa amana yake bayarwa, sai ya dogara da gaskiyar ma'aji da dattawa.

Mutanen da suka saba da fitar da kaso

Rano tsohuwar masarauta ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma Maguzawa sun daɗe a ƙasarta suna noma a gidajensu da ke warwatse a bayan gari. Fitar da wani kaso daga abin da aka noma ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

A zamanin Daular Usmaniyya jizya suke biya, a matsayinsu na waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar sarki. Da Turawa suka zo bayan 1903 sai aka koma haraji da jangali, waɗanda suka ci gaba har zuwa 1979 lokacin da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano. A gefe guda kuma akwai yankan kaji da awaki da ake yi wa iskoki don neman damina mai albarka da lafiyar gida. Masanin nan ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya yi bincike a ƙauyukan Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma wallafa littafi a kan addininsu a 1946.

Kiristanci bai shigo karkarar Kano da wuri ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, ƙungiyar SIM ta samu shiga ta hanyar kula da masu cutar kuturta, kamar a Yadakunya, daga baya kuma ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943. A 1932 ne aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS da ke Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa.

Tun kafin nan, manyan 'yan mishan irin su Henry Venn, wanda ya shugabanci CMS a Ingila daga 1841, sun riƙa koyar da cewa coci ba ta tsaya da ƙafarta ba sai ta iya mulkin kanta, ta yaɗa kanta, ta kuma ɗauki nauyin kanta. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda a yau ake kira EMS, da nufin Kiristocin Najeriya su tura nasu masu wa'azi da kuɗin aljihunsu. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ragowar ayyukan da ke hannunta.

Ma'anar wannan ga ƙauyen da ke ƙasar Rano a fili take. Babu wani Bature da zai turo albashin fasto. Idan jama'a ba su kawo ba, babu.

Buhu ya iso, sai me?

A nan ne maganar riƙon amana ke fara aiki. Koyarwar Kirista ta ɗauki mutum a matsayin wakili a kan dukiyar da ke hannunsa, ba mai ita ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Matiyu sura 25, inda maigida ya bar wa bayinsa uku dukiya ya yi tafiya, da ya dawo ya tambayi kowa abin da ya yi da ita. Wanda ya binne tasa a ƙasa shi ne ya sha faɗa.

Ga dattawan cocin ƙauye, wannan misali tambaya ce ta kasuwa da rumbu. Hatsi ya fi araha da kaka, lokacin da kowa ke fitar da nasa don biyan bashi da hidimar aure da ta Kirsimeti. Yakan yi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Idan coci ta sayar da abin da aka tara nan take, ta sayar a farashi mafi ƙanƙanta na shekara. Idan ta ajiye, sai ta yi fama da ƙwari da ɓera da danshi, da kuma hannun da ka iya shiga ɗakin ajiya da dare.

Akwai dabarun rage asara. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ta hanyar hana iska shiga, ba sai an zuba magani ba. Amma buhu ba ya maganin faɗuwar farashi.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna haka. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin taki da na sufuri da na huɗa suka tashi. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100, wanda ya ajiye hatsi ya ci riba. A watan Yulin shekarar Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da shinkafa. A 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai a kasuwanni irin su Dawanau, waɗanda suka ajiye da fatan tsada suka tafka asara, manoma kuma suka koka cewa kuɗin buhun masara ba ya sayen buhun taki.

Cocin da dukiyarta hatsi ce tana cikin wannan guguwa kamar kowane manomi. Adadin buhunan da aka kawo na iya zama daidai da na bara, amma kuɗin da za su kawo ya ragu, alhali kuɗin makarantar 'ya'yan fasto da na kwanon rufi ba su ragu ba.

Haka kuma tsadar taki ta sake tayar da wata tsohuwar muhawara: shin daga dukkan abin da aka girbe za a fitar da kashi goma, ko sai an cire abin da aka kashe? Misali, manomin da ya samu buhu 20 amma takwas na mai taki ne, biyu zai fitar ko ɗaya da 'yan mudu? Malaman coci sun rabu a kan amsar, kuma sau da yawa akan bar wa mutum da zuciyarsa.

Hannun mata a cikin lamarin

Wani abu da ya bambanta gidajen Maguzawa tun asali shi ne mata na noma. Bayan aikin gandu na gida, mace kan samu gayaunarta, abin da ta noma a ciki nata ne. Wannan al'ada ta bi su har cikin coci, don haka mace na fitar da zakkarta daban da ta mijinta, daga gyaɗarta ko wakenta ko kuɗin ƙuli-ƙuli da man da ta sayar.

Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ta samo asali a ƙasar Filato a shekarun 1930 ta bazu a coci-cocin Arewa, tana da asusunta da ma'ajinta. Ita ce kan fara isa gidan haihuwa da gidan rasuwa da gadon asibiti, kuma tana cikin masu tallafa wa masu bishara da aka tura ƙauyuka masu nisa.

Irin wannan ƙaramar bayarwa mai ɗorewa tana da tarihi a wasu ƙasashe. A Jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya, matan coci sun fi shekara 100 suna ware tafin hannu ɗaya na shinkafa duk lokacin da za su ɗora tukunya, a tara a kai coci a sayar. Har yau tsarin na cikin hanyoyin samun kuɗin cocin Presbyterian na jihar.

Masu wa'azi kan haɗa irin wannan da labarin gwauruwar da ke Markus sura 12, wadda ta saka 'yan tsabar kuɗi biyu a ma'ajin Haikali, Yesu ya ce ta fi attajirai bayarwa domin abin da take da shi ke nan.

Muhawarar birni ta iso ƙauye

Wayar hannu ta kawo wa matasan karkara muhawarar da ake yi a Legas da Abuja. A 2017 wani mai gabatar da shiri a rediyo a Legas, wanda aka fi sani da Daddy Freeze, ya tayar da ƙura a shafukan sada zumunta yana cewa ba a wajabta wa Kirista zakka ba, yana kuma tambayar inda kuɗin manyan coci-coci ke tafiya.

A watan Oktoban 2024 Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya fito fili ya nemi afuwa kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya fitar da zakka ba zai shiga aljanna ba, ya ce babu haka a Littafi Mai Tsarki. Kafin nan, a 2020, Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi fatali da sashe na 839 na sabuwar dokar kamfanoni, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya idan aka samu almundahana.

Faston ƙauye a Kibiya ba shi da jirgin sama, wani ma da babur ɗin aro yake zuwa taro, kuma da yawansu da fartanya suke cike giɓin albashi. Amma tambayar da aka yi wa manya ta shafe shi, domin matashin da ya kalli bidiyon a wayarsa shi ne zai ɗauko buhun mahaifinsa ya kai coci.

Akwai kuma koyarwar nan da ke cewa wanda ya “shuka iri” na kuɗi a hannun mai wa'azi zai girbe ninki-ba-ninki. Malaman tauhidi da dama a tsofaffin ɗariku suna sukar ta, suna cewa ta mayar da bayarwa ciniki. Haɗarinta ya fi girma ga talaka, domin wanda ya bayar da irin shukarsa na gaske yana jiran mu'ujiza, damina za ta same shi hannu rabbana.

Littafi, shaidu da rabon mabuƙata

Tsarin ECWA ya tanadi matakai: kwamitin dattawa a kowace coci, sai majalisar coci-cocin yanki, sai ta gunduma, sai babbar majalisa da ke da hedikwata a Jos. Wani kaso na kuɗin shigar ƙaramar coci na haurawa sama domin gudanar da waɗannan matakai da ayyukan bishara. Katolika da Anglika ma suna da nasu tsarin na dayosis.

A matakin ƙauye kuwa, abubuwan da ke kare amana ba su da wuyar fahimta. A auna hatsi a gaban mutum fiye da ɗaya. A rubuta a littafi, sunan mai kawowa da adadin mudu. Kada mabuɗin ɗakin ajiya da littafin lissafi su zauna a hannu ɗaya. A karanta wa jama'a rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausar da kowa zai gane.

Wannan ma yana da tushe a Sabon Alkawari. Lokacin da Bulus ya tara gudunmawa don talakawan Urushalima, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya sa coci-coci sun zaɓi mutanen da za su raka shi, domin kada wani ya samu abin zargi. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, ƙorafin cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci ne ya sa aka zaɓi mutum bakwai su kula da aikin.

Sai batun wanda ya kamata ya ci. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta ce zakkar kowace shekara ta uku a ajiye ta a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Masu nazarin wannan nassi na jan hankali cewa ba gini da albashi kaɗai aka yi zakka dominsu ba.

A ƙasar Rano lokacin da wannan ke da tasiri sananne ne: watan Yuli zuwa Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. A lokacin ne magidanci kan karɓi bashin da zai biya da buhu idan kaka ta yi, sau da yawa a farashin da zai cutar da shi. Cocin da ta ware wasu buhuna tun Disamba don wannan lokaci na iya raba wa gwauraye, ko ta ranta wa magidanta mudu a maido mudu, ta fitar da su daga hannun masu ba da bashin.

Yin hakan na nufin jinkirta wani abu, wataƙila filastar bango ko sabon lasifika. Shawara ce da dattawa ke yankewa a cikin makonnin da ke biyo bayan godiyar kaka, tun buhunan na jingine a ɗakin ajiya, kafin 'yan kasuwa su fara zuwa tayi.